Tsohuwar Lancia ta 1924 da aka hana a yi wa fenti: hauka ne ko hankali?

Ɗan Torino: Salamu alaikum 'yan gida. Yau kam dole na zo na baje muku wannan abu don ni kaina ya kulle. Kun san garejin da nake aiki a bayan garin Torino na ƙasar Italiya rabin aikinmu na tsofaffin motoci ne, to amma tsufa ma suna ya tara. Da safen nan wani dattijo ya shigo da mota a kan tirela an lulluɓe ta da bargo kamar amarya, da aka yaye sai ga wata doguwar aba ta kwanta ƙasa-ƙasa, ba rufi sai tamfol da ake naɗewa a baya, ƙofofi huɗu 'yan ƙanana, fitilu biyu manya kamar kwanon sha, tayoyi masu waya irin na keke, sitiyari a dama. Lancia Lambda ce ƙirar 1924, irin jikin da suke ce wa torpedo, wato buɗaɗɗiyar motar tafiye-tafiye ta wancan zamanin. Fentin duk ya koɗe ya daddare kamar ƙasan tafki da bazara, fatar kujera ta tsattsage har abin ciki na leƙowa. Ni kuma don in nuna ƙwazo na ɗauko tsumma da man goge fenti, wlh ihun da oga ya zabga min sai da gwangwanin ya suɓuce daga hannuna. Wai kar in kuskura, wai wannan koɗewar da nake gani ita ce kuɗin motar. Famfon ruwa kawai za mu gyara mu duba birki, shi ke nan. Da na matsa da tambaya ya ce mai kyau irinta ba ka taya ta ƙasa da yuro dubu ɗari ba, ku buga da canjin yau ku gani. To don Allah ku faɗa min, wannan hauka ne na masu kuɗi ko akwai wani hankali a ciki da ni ban gano ba?

Sarkin Zolaya: Hhhhh yuro dubu ɗari a kan abin da in aka ajiye shi a bakin titi a Dakata 'yan gwangwan za su auna shi a sikeli kafin la'asar. Ɗan Torino ka ce wa dattijon akwai wata tsohuwar amalanke a gidanmu ita ma ba a taɓa yi mata fenti ba, zan yi masa ragi.

Baba Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Kai Sarkin Zolaya bari mu ji magana tukuna. Ɗana, shekarata 41 ina kwanciya a ƙarƙashin mota, ban taɓa jin wannan suna ba sai yau, amma in Bature ya hana a taɓa ƙarfe to akwai dalili. Ka leƙa ƙasanta? Silinda nawa ce, kuma yaya casis ɗin yake, irin dogayen ƙarafa biyun nan ne kamar na akori-kura?

Ɗan Torino: Baba ranka ya daɗe ai nan ne abin mamakin, ba ta da casis ɗin kwata-kwata. Na shiga rami na ɗaga kai ina neman ƙarafan nan biyu ban gan su ba, jikin motar shi ne yake ɗauke da komai, kamar kwale-kwalen ƙarfe aka yi aka huda masa ƙofofi. Firfela kuma ba a ƙarƙashin bene take ba, an yi mata rami ta bi ta tsakiya tsakanin kujeru shi ya sa motar ta zauna ƙasa sosai. Injin silinda huɗu ne amma gajere ne ƙwarai, kusan murabba'i, in ka buɗe bonet sai ka ga kamar an manta ba a sa sauran ba.

Baba Ƙofar Ruwa: A 1924? Anya ɗana ba wani ne ya yi mata dabara daga baya ba? Don ni abin da na sani jiki haɗe da casis sai a irin su Fijo 404 muka fara ganinsa sosai.

Injiniya Zazzau: Baba gaskiya ya faɗa, haka aka ƙera ta, kuma wannan shi ne amsar tambayar tasa gaba ɗaya. Lambda ita ce motar da ake lissafawa ta farko da aka yi ta kasuwa da jiki mai ɗaukar nauyin kansa, an nuna ta a baje kolin motoci na Paris a 1922, lokacin kowa yana ɗora akwatin katako a kan ƙarafa biyu kamar yadda ake yi wa keken doki. Citroën da ake yawan yi wa kirari da wannan ba ta fito da tata ba sai 1934, shekara 12 ke nan tsakani. Na biyu kuma ƙafafun gaba, kowace taya cin gashin kanta take, ba aksul ɗaya ya haɗa su ba, kowacce tana hawa da sauka a cikin wani bututu a tsaye mai sifirin da mai a ciki, wato shokozoba da sifirin a wuri ɗaya. Wani matashin injiniyan kamfanin Battista Falchetto shi ya zana. Injin kuwa V4 ne, wato silinda huɗu a jeri biyu kamar harafin V, amma V ɗin matsattse ne sosai, wajen digiri 13 kacal, shi ya sa top silinda ɗaya ya rufe dukkan huɗun, kamshaf ɗaya a sama, bulok ɗin na alminiyam. Cc 2,120 ne, ƙarfin doki 49, tana kaiwa kilomita 115 a awa, ga birki a duka tayoyi huɗu lokacin da yawancin motoci na baya kawai suke da shi. Baba in kana son ka gane abin a sauƙaƙe tuna Vespa, ai ka san ba ta da firam irin na sauran babura, kwanon jikin shi ne ƙashin bayanta. To tunani ɗaya ne, sai dai Vespa ta zo a 1946.

Baba Ƙofar Ruwa: To yanzu na gane. Ai na sha walda jikin Basfa, in ta tsage a wajen taka ƙafa shi ke nan ta karkace har abada. Kai amma mutumin nan ya yi kai. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa duk wannan bayanin inji bai dame ni ba, ni 'yar kasuwa ce, abin da na sani abu yana tsada ne in ya yi ƙaranci. Injiniya guda nawa aka yi?

Injiniya Zazzau: Hajiya sun haura 11,000, daga 1923 zuwa 1931, a zubi tara.

Hajiya Mai Atamfa: To ka ji. Dubu goma sha ɗaya ai ba ƙaranci ba ne ɗan nan, wannan ai kamar a ce min atamfar da aka buga bandir dubu ita ce ba a samu. Ni ina zargin dillalai ne kawai suka haɗa baki suke hura wa abin wuta, na san halinsu, duk duniya dillali ɗaya ne ko da farar fata gare shi.

Malamin Tarihi: Hajiya barka da warhaka. Maganarki tana kan hanya ta wani gefen, don in ƙaranci zalla ake nema a motocin Italiya na farko akwai waɗanda suka fi ta nesa ba kusa ba. Torino da Milan a wancan lokacin cike suke da ƙananan kamfanoni, su Ceirano, SCAT, SPA, Diatto, Ansaldo, Chiribiri, Züst, yawancinsu sun mutu ko an haɗiye su tun kafin yaƙin duniya na biyu, wasu motocinsu da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Amma ga abin da zai ba ki mamaki a matsayinki na 'yar kasuwa, sau da yawa irin waɗannan ba sa kai Lambda daraja a gwanjo, saboda ba wanda ya san su, ba kayan gyara, ba ƙungiyar masu ita da za ka kira in ta lalace. Abin da ba a samu kuma ba a nema ai ba tsada gare shi ba, kaɗaici gare shi. Lambda tana da suna, tana da masu nema a Italiya da Ingila har Ostireliya inda aka sayar da su da yawa tun asali, sannan a cikin dubu goma sha ɗayan nan yaƙi ya ci wasu, tsatsa ta ci wasu, an narkar da wasu, an yanke wasu. Ta zubin farko-farko wadda ba a taɓa canja mata komai ba cikin shekara ɗari, wannan kam ƙalilan ce.

Hajiya Mai Atamfa: To Malam na karɓi rabi. Kamar tsohuwar Holan ke nan ta cikin adakar kaka, an buga da yawa amma wadda ba a taɓa kai wa tela ba ita ake nema.

Malamin Tarihi: Kin ma fi ni iya faɗa. Bari in ƙara da mai kamfanin don shi ma yana cikin abin da ake saya. Vincenzo Lancia an haife shi a 1881, ya fara aiki a wajen 'yan gidan Ceirano, da Fiat ta saye wurin ya zama direban gwaji da tsere na Fiat, ya yi suna da gudu ƙwarai, sai a 1906 ya ɓalle ya kafa nasa a Torino shi da abokinsa Claudio Fogolin. Motocinsa haruffan Girka yake sa musu, Alfa, Beta, Theta, Kappa, har aka zo Lambda. Labarin da ake bayarwa shi ne a cikin jirgin ruwa tunanin ya zo masa yana kallon yadda jikin jirgi yake jure dukan igiyar ruwa ba tare da wani ƙarfe a ƙarƙashi ba. Ya rasu a 1937 yana da shekara 55. Fiat ta saye kamfanin a 1969, yau kuma Lancia da Fiat da Fijo ɗin nan da muka sani duk gida ɗaya suke a ƙarƙashin babban kamfanin Stellantis, duniya ke nan.

Na Damagaram: Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Ni tambayata sitiyarin, ya ce a dama yake, to Italiya ba hannun dama suke bi kamar mu nan Nijar ba? Ko motar Ingila aka kai ta ta dawo?

Ɗan Torino: Ni ma haka na zata yayana, na tambayi oga ya ce a'a haka Lancia suke yi wa motocinsu har wajen shekarun 1950, wai direba ya fi son ya ga bakin hanya a kan duwatsu kar ya zurma rami, kuma a lokacin ma ba duk garuruwan Italiya ne suke bin hannu ɗaya ba.

Baba Ƙofar Ruwa: Mu ma ai sai 1972 muka koma dama, ina yaro lokacin, na tuna yadda aka yi ta shela a rediyo.

Abu Ammar: Jama'a ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Duk wannan tarihin na ji, amma mu ji tsoron Allah, mutum ya zuba kuɗin da zai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka da yawa a kan motar da ba za ta kai mara lafiya asibiti ba, ba za ta ɗauki buhu ba, sai dai a lulluɓe ta da bargo, in wannan ba almubazzaranci ba ne to mene ne shi? Ni abin da nake tsoro kar yaranmu su ɗauka wannan shi ne wayewa.

Sarkin Zolaya: Allah ya gafarta Malam, an zo wurin. Ni ma abin da nake nufi ke nan sai dai ni ba a ɗauke ni da muhimmanci.

Hajiya Mai Atamfa: Malam Abu Ammar ban ƙi taka ba amma mu yi adalci. Nawa ake sayen dokin hawan sallah a garin nan, nawa ake kashe masa a dawa da harawa da kayan ado shekara guda don a hau shi kwana huɗu ko biyar? Ba wanda ya ce hauka ne, cewa muke gado ne. Kuma ni a lissafina wanda ya sayi jif sabuwa dal ta miliyan ɗari biyu ya fi wannan dattijon asara, don tasa tana fita daga shago ta fara zubar da kuɗi, bayan shekara goma rabin rabi ma ba za a taya ba, shi kuwa wannan ajiya ya yi kamar gwal.

Abu Ammar: Hajiya dokin ma ai ban wanke shi ba. Amma na yarda akwai bambanci tsakanin wanda ya adana abin da ya gada da wanda ya saya don a ce shi ne. Allah ya san zuciyar kowa.

Injiniya Zazzau: Hajiya a nan zan ɗan ja da ke, maganar gwal ɗin nan ba kullum ba ce. Motocin kafin yaƙi masu son su yawanci dattawa ne, yaran da suka taso yanzu da kuɗi motar da suka gani a bango suna ƙanana suke nema, su Ferrari da Porsche na shekarun 1980 da 1990, ba wadda kakansu ma bai tuƙa ba. Ga ciyarwa, irin wannan mota ko ba ta motsa ba tana cin kuɗi, inshora, ɗaki mara danshi, makaniken da ya san ta wanda shi ma ya kusa ritaya, in top silinda ya tsage ba shagon da za ka shiga ka ce a ba ka, sai dai a zuba maka sabo. Wanda ya saye ta don riba zalla yana iya kwana ciki. Abin da yake riƙe wa Lambda farashi har yanzu, a ganina, shi ne ana iya hawanta a yi doguwar tafiya da ita ba wahala kamar sa'o'inta, sai kuma maganar Mille Miglia.

Na Damagaram: Mene ne kuma wannan ɗin?

Malamin Tarihi: Tsere ne na mil dubu, wajen kilomita 1,600, daga Brescia a je Roma a dawo a kan titin da kowa yake bi. An fara a 1927, a wannan shekarar motocin OM na garin Brescia ɗin suka ɗauki na ɗaya da na biyu da na uku, wanda ya ci ya yi awa 21 da 'yan mintuna a hanya, Lambda ta zo ta huɗu. A 1928 Alfa Romeo ta direba Campari ta ci, Lambda ta zo ta uku, ka tuna fa motar iyali ce ba ta tsere ba. An daina a 1957 bayan wani mummunan haɗari da ya kashe 'yan kallo har da yara. Yanzu an farfaɗo da shi amma ba na gudu ba ne, na kiyaye lokaci ne, kuma ba a karɓar mota sai irin samfurin da ya taɓa shiga na asalin tsakanin 1927 da 1957. To ka ga duk motar da take da wannan tikitin farashinta ya tashi, don attajiran duniya rububin shiga suke. A 2014 ma Lambda ce ta 1928 ta ci. Shi ya sa 'yan zubi na 7 da na 8 masu gajeren jiki suka fi tsada, injinsu ma ya fi girma, cc 2,370 da 2,570.

Ɗan Torino: Malam ka taɓo inda oga yake yawan ƙorafi. Ya ce saboda wannan tsadar akwai waɗanda aka samu doguwa mai rufi aka yanke ta aka gajarta aka ɗora mata buɗaɗɗen jiki sabo, wasu tun shekaru aru-aru aka yi musu haka ba don cuta ba, don gayu kawai, wasu kuma kwanan nan aka yi don a ci kasuwa. Shi ya sa da aka sauke ta yau abin da ya fara yi kafin ma ya gaisa da mai ita sosai tocila ya ɗauka yana duba lambar jiki da lambar inji. Dattijon kuma ya zo da wata tsohuwar jaka cike da takardu, littafin rajista na asali, rasiɗai, hotunan mahaifinsa a cikinta, da katin shaidar ASI, ƙungiyar da take tantance tsofaffin motoci a nan. Oga ya ce jakar nan in ta ɓata kashi mai tsoka na kuɗin motar ya tafi.

Hajiya Mai Atamfa: Kamar fili ke nan, ba ƙasar kake saya ba takardar kake saya. To yanzu mun zo yarena.

Baba Ƙofar Ruwa: Ni har yanzu maganar fentin ce ta tsaya min a wuya. A sana'armu in mota ta fita daga hannunka tana ƙyalli shi ne mutuncinka. Ace mutum yana da kuɗin amma ya bar kujera a yage, ni a wurina rowa ce ko ƙazanta. Me zai hana a kankare ta a yi mata fenti irin launinta na asali, a ɗinka fata sabuwa irin ta da, ai ba a canja komai ba.

Injiniya Zazzau: Baba da can su ma haka suke yi, har ma su wuce gona da iri, a fito da mota ta fi yadda ta fito daga kamfani ƙyalli, ƙusoshin da ba a taɓa gogewa ba a bi su a goge. Daga baya suka farga cewa duk wanda yake da kuɗi zai iya yin sabon fenti gobe, amma fentin da wani ma'aikaci ya shafa da hannunsa a Torino a 1924 in ka kankare shi ba kuɗin da zai dawo da shi. Kuma motar da ba a taɓa ba ita ce hujja, da ita ake gane yadda aka yi ɗinkin kujera, inda waya ta bi, irin ƙusar da aka sa, masu gyara sauran a wurinta suke kwafa. Yanzu manyan gasannin ƙawa suna da rukuni na musamman na waɗanda ba a sabunta ba, a 2024 ma a Pebble Beach ta Amurka, wadda ita ce uwar gasannin, wata Bugatti ta 1934 da ba a yi wa kwaskwarima ba ita ta ɗauki kambun gaba ɗaya, karo na farko ke nan.

Baba Ƙofar Ruwa: To na ji amma ban gamsu duka ba. In tsatsa ta kama fa? Kai da kanka ka ce jikin shi ne casis, in ka bar tsatsa tana ci don kar a taɓa tarihi wata rana za ta karye gida biyu da tarihin a ciki.

Injiniya Zazzau: Wannan kam ka kama ni Baba, kuma a kan Lambda maganarka ta fi ƙarfi fiye da kowace mota. Inda ya shafi ƙarfin jiki da birki dole a gyara, ba wanda yake musu, rigimar a kan abin da ido yake gani ne kawai.

Ɗan Torino: Haka oga ya yi kuwa, ƙasan ya bi shi da wani mai kamar kakin zuma, saman kuma ko ruwa bai yarda a zuba ba sai ɗan tsumma mai laushi.

Malamin Tarihi: Ɗan Torino tunda kana garin, in ka samu hutu ka shiga gidan tarihin motoci na ƙasa da ke nan Torino ka nemi Itala ta 1907. Ita ce wadda Yarima Scipione Borghese ya tuƙa daga Peking, Beijing ta yau, zuwa Paris, shi da makanikensa Ettore Guizzardi da ɗan jarida Luigi Barzini. Sun tashi 10 ga Yuni sun isa 10 ga Agusta, wata biyu cur, ta hamadar Gobi da Saberiya inda ba titi, motoci biyar suka tashi, injinta ya haura lita 7, har gada ta taɓa karyewa da su motar ta kifa suka tashe ta suka ci gaba. Wannan ita ce kakar duk motocin tafiye-tafiye na Italiya, kuma ita ba ta da farashi ma don ba ta sayarwa ba ce.

Sarkin Zolaya: Wata biyu a hanya ba titi, ashe su ma sun ɗanɗana hanyar ƙauyenmu da damina.

Na Damagaram: Ni wannan hira ta tayar min da wani tsohon ciwo wlh. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana da 404 fikap da ya saya hannun wasu Turawa da suka ƙetaro sahara da ita ta Agadas, lokacin haka suke yi, su zo da Fijo su sayar su hau jirgi su koma. Shekara da shekaru tana ɗaukar gyaɗa da mutane, da ya rasu ta zauna a ƙofar gida awaki suna kwana a ƙarƙashi, mu kuma muna jin kunyarta, ranar da masu sayen ƙarfe suka zo muka ba su ita a kan kuɗin da bai kai na tunkiya biyu ba har muna murna an share wuri. Kartagiris ɗinta ma, wato takardar rajistarta, ban san inda yake ba. Yanzu ɗana yana tambayata wace irin mota kakansa ya hau ko hoto ba ni da shi.

Hajiya Mai Atamfa: Allah sarki, Allah ya jiƙan Baba. Mu ma Basfar mahaifinmu haka aka yi da ita, ƙanina ya ba da ita aka ba shi waya.

Baba Ƙofar Ruwa: Amin. Kar ku sa ni kuka, don ni da hannuna na yanka 404 da 504 da Bitil sun fi a ƙirga, da manyan Fiat ɗin nan da aka riƙa haɗawa a nan Kano. Amma ku ma ku yi mana adalci, mai gareji haya yake biya, ba shi da ɗakin ajiye abin da ba ya kawo na cefane, kuma sassan da muka cire su suka riƙe wasu motocin a kan titi shekara ashirin. Dattijon can yana da rumfa mai rufi da fansho, shi ya sa tasa ta kai shekara ɗari.

Abu Ammar: Wannan ita ce maganar da ta fi kama hankalina a duk zaren nan Baba.

Sarkin Zolaya: To ni dai tambaya ta ƙarshe, in na tara kuɗin zan iya shigo da ita Kano in yi hawan angwanci?

Ɗan Torino: Hhhh ko ka tara sai ka sha fama, a nan motar da ta haura shekara 75 ba ta fita ƙasar haka kawai sai da izinin hukumar kayan tarihi, kafin ma ka zo ga namu kwastan. Amma bari in ba ku labarin yammar nan, mun gama famfon, dattijon ya ce in shiga mu zaga a gwada. Jama'a na yi shiru ne kawai. Ƙarar injin wani iri ne kamar ana kaɗa ganga a cikin rijiya, giya uku ce kuma ba ta shiga sai ka taka kulochi sau biyu ka daidaita totur da kunne, shi kuwa tsohon nan da hannunsa yake rawa wajen riƙe kofi ko ƙara ɗaya bai bari ta yi ba. Akwai wani layi na duwatsun daɓe a bayan garejin da ko motar oga ta zamani sai ta girgiza mu, wannan ta bi ta kai kamar ba komai, ina kallon tayar gaba ta gefena tana hawa tana sauka ita kaɗai jikin bai motsa ba. Iska kam na sha ta, hulata tana can wani wuri.

Baba Ƙofar Ruwa: Ɗana kafin a zo a ɗauke ta ka roƙar min ogan naka, ka ɗauko min hoton bututun ƙafar gaban nan ta ciki da ta waje, ka sa sifana mai lamba 17 a gefe don in gane girmansa, kuma ka tambaye shi wane irin mai suke zubawa a ciki da kuma ta ina yake yoyo in ya tsufa. Akwai wani yaro a wurina mai haɗa keken guragu masu inji, ina so in nuna masa.

Ɗan Torino: An gama Baba, sai ranar Litinin za a zo ɗaukarta, gobe da safe in sha Allah zan turo, sai dai lambar motar zan rufe don dattijon ba ya so.